Gaisuwar da ta shanye batir

Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa a garinmu na bakin Komadugu kafin a kawo mana rediyon kiran Diffa, inda babban asibiti yake. Ban yi boko ba, amma rabin masu noman tattasai a fadamar nan ni na yanke musu cibiya. Da aka gina gidan likita aka turo majo, wato shugaban masu jinya, wani ɗan Damagaram, shi da bakinsa ya roƙe ni in riƙa zama kusa da shi.

Rediyon baƙin akwati ne a kan tebur, da batir irin na mota a ƙarƙashi, da faranti bisa rufi mai tara hasken rana. Majo ya koya mini halinsa.

"Iya, in kina saurare, kurɓar batir yake yi. In kika danna kika yi magana, kwankwaɗa yake."

Yana da ƙaramin ƙarfi mai tsayawa garin Geskeru nan kusa, da babban ƙarfi mai kaiwa Diffa, amma shi wannan zuƙe batir yake. Shi ya sa duk garuruwan bakin kogi ba sa kunna nasu sai da hantsi da la'asar. Diffa kaɗai ke barin nata a buɗe. In an kunna, huci yake yi kamar ruwan sama na tahowa daga nesa, can ciki kuma ka ji muryoyi, wani da Larabci, wani da yaren mutanen tafki, ba ka san inda suke tsaye ba. Ban taɓa son zama da shi ni kaɗai ba.

Wata damina hadari ya rufe rana kwana huɗu, batir bai samu abin sha ba. A rana ta huɗu, da azahar, aka kawo matar wani masunci, kwana biyu tana naƙuda, jini na zuba. Hannuwan majo duka biyu suna kanta.

"Iya, murɗa babban ƙarfi. Faɗi garinmu, ki ce a turo mota. Shi ke nan."

Na kira. Namiji ya amsa, muryar dattijo. To ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa kai wa dattijo buƙata ban gaishe shi ba. Na danna, bakina ya tafi da kansa. Sallama, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Sannan na ce mace ce, haihuwa ta tsaya, ga jini.

"Garin, Iya! Faɗi garin!"

Kafin in buɗe baki, jar fitilar akwatin ta mutu. Na saki, huci ya dawo, da muryar mutumin a ciki.

"Baiwar Allah, wane gari? Wane gari?"

Muna jin sa sarai, kamar yana bayan ƙofa. In na danna, komai ya ɗauke. In na saki, ya dawo yana tambaya. Majo ya ce in kashe, kada ɗan abin da ya rage ya ƙare.

Da la'asar na sake kunnawa. Mutumin bai bar mu ba, jira ya yi garuruwa su buɗe. Ya shiga kiran su ɗaya bayan ɗaya. "Geskeru, ku ne masu naƙuda?" Wata siririyar murya ta ce a'a. Ya kira na gaba, a'a. Sai ya kira sunan garinmu. Sau uku. Muna zaune, ni da majo da matar da ta daina nishi da ƙarfi, muna jin ana kiranmu kamar waɗanda aka riga aka binne. Ya wuce zuwa na gaba.

Da ya kai ƙarshen kogi, sai ya ce da wani a gefensa, "Gari ɗaya ne bai amsa ba. Can za ku."

Motar ta iso dab da magariba. Ni na riƙe ledar ƙarin ruwa har Diffa. Uwar ta rayu, ta ƙara haihuwa uku a hannuna. Ɗan, namiji ne, ba a ji kukansa ba.

Majo bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru ba, har aka canza shi. Sau ɗaya na tambaye shi, da motar ta taso tun azahar, da yaron ya zo da rai? Ya ce, "Iya, Allah ne masani," ya ci gaba da wanke hannunsa.