Katin Hoto Biyu da Idon Yayana

Shekara uku muka yi ni da yayana muna musu a kan katin hoto, kuma ni ce da gaskiya. Na faɗi haka tun yanzu ne don kada wani ya zaci daɗi na ji. Wallahi ban taɓa cin musun da ya ƙona min rai kamar wannan ba.

Katin hoto wani faifai ne mai fanka da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da mai buga gem, wato wasan kwamfuta, yake gani a allo. In ya tsufa sai hoto ya riƙa sarƙewa, mota tana gudu tana ɗingishi. Na Yaya tsoho ne tukuf, tare da kwamfutar ya sayo shi a gwanjo a Kano, ya kafa ta a shagonsa na cajin waya da ke ƙofar gidanmu, a kan wutar sola da batir biyu.

Yaya manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, a ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta, inda gonar wani take ƙarewa a jikin katangar wani. Direban tirela ya so zama. Sai idon Baba ya mutu tun ina firamare, dole ya ajiye wannan burin ya ɗauki fartanya. Shi ya sa gem ɗaya kawai yake bugawa, na tuƙin tirela. In ya dawo daga gona ya yi wanka, sai ya zauna ya ɗauki kaya daga wani gari ya kai wani, yana bin doka, har sigina yake sawa. Shi ya fara zaunar da ni gaban kwamfutar nan, mutanen unguwa suna cewa zai lalata yarinya. Daga nan na kama hanya, har ga shi yau gyaran kwamfuta nake a wani shago a Rijiyar Zaki, cikin Kano.

To da na fara ganin sababbin katuna a wurin aiki, sai bakina ya buɗe. Ni kuwa dama bakina ba linzami. Duk wayar da za mu yi sai na tsokane shi. In ce masa da sabon kati inuwa ma tana bin tirela, ruwan sama yana gangarowa a gilashi, ciyawar gefen titi tana kwanciya in iska ta kaɗa, shi kuwa nasa sai an rage komai ƙasa kafin ya motsa, bishiyoyi su koma kamar malmalar tuwo. Shi kuma ya ce nasa jaki ne, ba ya cin wuta, ba ya tsoron zafin bazara, tun hantsi har la'asar batir biyu suna riƙe da shi. Sababbin nan, in ji shi, na 'yan birni ne masu janareto, mintuna kaɗan su zuƙe maka batir su bar wayoyin mutane a mace. Kuma shi tuƙi ya zo yi, ba kallon ciyawa ba. Ya ce ya san katinsa kamar yunwar cikinsa. Haka muke yi har Inna ta karɓe wayar ta ce mun ishe ta.

Da daminar bara matarsa ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce idon Yaya ba lafiya. Ya shiga noman fari ya kwashe gero tare da ciyawa, kunya biyu cur. Ya daina hawa mashin, wai mai ya yi tsada. Sau uku yana miƙa wa mutum wayar da ba tasa ba. Ta yi masa maganar asibiti, ya ce in Inna ta ji wannan zance daga bakinta bai yafe ba.

Na san abin da ya ci idon Baba, kuma na san irin ciwon nan in an yi jinkiri ba ya dawo da abin da ya ɗauka. Na kira Yaya na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na tambaye shi ya idonsa. Ya yi dariya, ya ce yaushe Auta ta zama likita, ya juya zancen ya koma kan taki. Ba a titsiye babban wa a gidanmu. Ko ni mai tsiwa na san iyakata.

Sai na nemi hanyar da na iya. Na roƙi maigidan shagonmu aron wani sabon kati, da akwatin wutar da zai iya ɗaukarsa, na naɗe su a zani na hau motar Ɗambatta. Lokacin kaka ne, ana yankan gero. Na sami Yaya a shago bayan azahar, rana ta take, batir sun cika maƙil. Na ce masa yau za a yi ta ta ƙare. Zai fita waje, in saka kati ɗaya in rufe murfi, ya shigo ya yi tuƙi, ya sake fita in canza. Tunda ya ce ya san nasa, sai ya nuna min wanne ne. Bambancin katunan nan biyu, duk mai ido zai gan shi tun daga bakin ƙofa. In ya kasa, na sami amsata, kuma ko da ihu sai na kai shi asibiti.

Ya ce to, ya fita ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya.

Sabon na fara sakawa. Kai, hoton ya fito tas, har ni da na saba gani sai da na tsaya. Ya shigo ya zauna, ya matso da fuskarsa kusa da allo fiye da yadda na san shi da yi. Ya ɗauki hanyar da ya fi sabawa da ita. Sau biyu tirelar ta gogi ƙarfen gefen titi, ya ce ni na dagula masa saiti. Na ce ƙwarai, laifina ne. Ya tashi ya koma waje.

Na canza, garin sauri har sai da wani ɗan noti ya faɗi na yi ta lalube. Na kira shi. Ko gama zama bai yi ba ya ce, "Wannan ne nawa. Na farkon shi ne baƙon."

Allah Ya sani, ji na yi kamar an sauke min buhun gero daga ka. Na yi masa tsiya, na ce ashe dai ya ga bambanci, ashe tsohon nasa ya sha ƙasa. Daga nan na faɗa cikin gida da saurina, na sami matarsa tana sussukar gero a tsakar gida. Abin da na gaya mata ba zan maimaita shi duka ba. Na ce ta ɗaga min hankali a banza, wata huɗu ba na barcin kirki, ta ja wa mijinta makanta da baki alhali lafiyarsa ƙalau. Baiwar Allah ta dube ni kawai, ta ci gaba da aikinta.

Da na koma shago, sai na ga a allo tirelar tana kwance cikin wani kwari a gefen titi, injinta yana ta aiki. Yaya bai lura ba. Yana zaune ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin kwamfutar, fuskarsa tana kallon wani wuri tsakanin allo da bango.

Ya ce, "Auta, turo ƙofar nan ki zauna."

Na zauna a kan wani tsohon batir.

Ya ce, "Fankar nawa akwai fiffike ɗaya da ya ɓalge, yana yin ƙis-ƙis. Shi na saurara. Hoton kam, da na farkon da na biyun duk ɗaya ne a wurina, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Na san abin da ya kawo ki tun da kika ce in fita waje."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce idon hagu ya fi shekara, na dama kuma tun bazara yake tsukewa. Ya ce ya ga yadda Inna ta yi shekara da shekaru tana jan hannun Baba zuwa bayan gida, ba zai iya tsayawa gabanta ya ce mata ta shirya wani ba. Raina ya ɓaci, na so in yi masa faɗa a kan watannin da ya zubar, sai kuka ya riga ni.

Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce in mayar da sabon katin, in tayar masa da tirelar, in gaya masa abin da ke ciki tunda na daɗe ina cika masa kunne. Na mayar. Ni na yi tuƙin, yana gefena. Na ce ga hadari ya haɗo daga gabas, ga ɗigon ruwa a gilashi, ga inuwar tirela tana bin mu ta hagu, ga wata gona mai rawaya kamar ta riɗi. Ya tambaya da gaske ciyawar tana kwanciya. Na ce tana kwanciya, Yaya. Ya gyaɗa kai ya ce lallai sabon ya fi. Ba mu jima ba batir ya fara kuka, ya ce in kashe kada wayoyin mutane su kwana ba caji.

Da yamma na je na durƙusa wa matarsa. Ta ce ba komai, ita ma ta so a ce ni ce da gaskiya.

Likitan da muka gani a Kano ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama za a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya saura da maganin ɗigawa. Ya tambaya me ya sa ba mu zo da wuri ba, duk mu biyun muka sunkuyar da kai.

Amma kafin mu kai ga likitan sai da muka fita daga ƙauye, kuma tafiyar nan ce ta fi zauna min a rai. Da safe Yaya ya yarda zai bi ni, da sharaɗi ɗaya: kada in riƙe masa hannu a gaban mutane. Daga gidanmu zuwa bakin titi hanya ce siririya ta tsakiyar gonaki, ga kara a tsaye, ga masu yanka ta ko'ina. Sai na shiga gaba, na riƙa jan takalmina a ƙasa da gangan, yana bin ƙarar. In akwai rami in yi tari. Duk wanda ya ɗago daga gonarsa ya gaishe mu, Yaya ya amsa masa da sunansa, ya tambayi iyali, ya yaba amfanin bana. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da muka wuce ta ce da ni, 'yar birni, ɗaga ƙafarki mana, wannan wace irin tafiya ce. Na ce mata to, na ci gaba da ja.