Bas ɗinmu da ba ta wuce zaman makoki

"Kowa ya sauko, za mu yi gaisuwa!" in ji direba, Baba Sale, ya kashe mota a ƙofar wani gida a Gwangwan.

Wannan fa bas ce da ƙaramar hukuma ta saya mana zamanin mulkin soja, wai don mutanen Ruwan Bago su riƙa isa Karaye ƙarfe takwas. Takwas ɗin wace rana, ba a faɗa ba.

Ni kuwa ranar nake da intabiyu ta aikin koyarwa. Na ci guga, takardu a hammata. Fasinjoji suka baje a tabarma, aka shafa fatiha, wani dattijo ya ɗauko tarihin mamacin tun daga kaciyarsa.

Na ce, "Haba Baba Sale, motar gwamnati ce fa! Ko sanin mamacin ba mu yi ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To Malam mai agogo, ranar da aka yi a gidanku sai in danna hon in wuce ko?"

Sha ɗaya muka isa. Aikin nan sai da shekara ta zagayo na same shi.

Bayan shekara uku mahaifina ya rasu. Muna zaune da safe sai ga akwalar bas ɗin nan ta ci birki. Mutanen da ban taɓa gani ba suka yi ta saukowa, har da wani da ya ci guga yana duba agogo.

Ku gaya mini, motocinku na yanzu masu gudu, wa suke tsaya wa?