Ƙwaron da Ke Cin Gidan Beryl

Da gefen tafin hannu Beryl Catchpole take share garin, ta tara shi a bakin teburi, ta kaɗe shi cikin aljihun rigarta, sannan ta ɗora butar shayi. Haka take yi kullum da safe tun shigowar Afrilu. Gari ne mai laushi kamar na alkama. Daga babban katakon da ya ratsa saman kicin yake zubowa, wanda ya yi shekara ɗari huɗu yana ɗauke da benen gidan. In wuri ya yi tsit, kana jin ƙwaron da ke cinsa yana ƙwanƙwasawa daga ciki, ƙas ƙas ƙas, kamar baƙo mai kunya.

Tana da shekara ashirin aka kawo ta amarya gidan gonar nan na yankin Suffolk. A nan ta koyi sunkuyawa a ƙofofin da aka yi wa gajerun mutanen da. A nan ta binne mijinta Arthur, ta sayar da shanu, ya rage daga ita sai kaji da bishiyoyin tuffa. Mu maƙwabta mun san abin da take ɓoyewa. 'Yarta Gillian ta gyara mata ɗaki a gidanta da ke birnin Ipswich, ta kuma rantse ranar da gidan ya nuna alamar gajiya, ranar za ta ɗauke ta.

Wata Asabar na kai mata jarida, na tarar Gillian ta yi sammako tana leƙa kwanon sukari.

"Mama, wannan garin fa?"

"Na burodi ne."

"Yaushe rabonki da gasa burodi?"

Kafin shayi ya huce an kirawo Cyril Mobbs, tsohon kafintan ƙauyenmu. Ya shigo yana ɗingishi.

"Beryl, ashe kina nan? Na zaci ke ƙwaron ya fara ci."

"Na fi ƙarfin haƙorinsa. Hau kujera ka yi abin da ya kawo ka, tsohon banza, in gwiwar taka ta yarda."

Bakinta ne kawai ke wasa. Na ga yatsunta sun damƙe bayan kujerar har sun yi fari.

Cyril ya soka basilla a jikin katakon. Ta shige kamar a cikin man shanu, tsawon gaɓar yatsa, sai ta cije. Ya gwada wuri bakwai, duk haka. Ya buga guduma, katakon ya amsa tas, kamar ƙararrawar coci daga nesa.

"Ɓawon kawai ya ci," in ji shi. "Zuciyar itacen nan, ƙusa ma lanƙwashewa take yi. Wa ya shafe bangon waje da siminti?"

"Arthur," in ji Beryl. "Sati biyu yana yi, yana ta alfahari."

"Allah ya ji ƙansa, manomi ne na ƙwarai, amma ba magini ba. Bango irin wannan numfashi yake yi, farar ƙasa ake shafa masa. Ya toshe masa hanci, laima ta rasa hanyar fita ta kwanta a katako, ƙwaro ya samu ɗanyen abinci. A ɓamɓare simintin, a riƙa hura murhu. Da ya bushe, baƙonki zai kama gabansa."

"Wato ba zai faɗo mata a ka ba?" in ji Gillian.

"Yarinya, katakon nan zai ga bayana, ya ga bayanki, ya ga na jikokinki."

Gillian ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna, ta cire rigar sanyin da tun zuwanta ba ta cire ba.

Beryl ta saki kujerar a hankali. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon katakon.

"Ki zuba wa mutumin nan shayi kafin ya faɗo ya fasa min daɓe," ta ce wa Gillian. "Zan ɗebo itace."

Ta ɗauki kwando, ta sunkuya a ƙofa, ta fita.