Yaya Umaru da Makin Hanya

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a Argungu. Ni ƙanwarsa ce, kuma shi ya jefa ni cikin wannan aiki. Yanzu ina koyar da 'yan aji biyu a Badariya, nan Birnin Kabi, kuma bana na yi kewarsa fiye da kowace shekara.

Yaya Umaru mutum ne mai taurin kai a kan abu guda: ba ya duba amsa sai ya ga hanyar da aka bi. Yaro zai kawo masa amsa daidai yana washe baki, shi kuwa ya miƙa masa alli ya ce, "Gwada min inda kab bi." In yaron ya tsaya yana sosa ƙeya, to babu maki. Wanda ya bi hanya tiryan-tiryan ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe kuwa, kusan duk makin yake kwashewa. Iyaye sun kai ƙararsa ba sau ɗaya ba. Mu ma a gida tsiya muke masa, don takardun jarrabawa kan cinye masa rabin hutu.

Me zai ce da ya ga yau? Aji ya cika har taga, waya tana ba yaro amsa kafin ya gama karanta tambaya. A zangon da ya wuce makarantarmu ta koma gwajin zaɓi-ɗaya zalla, don duba shi ba ya cin lokaci. Na bi, amma raina bai so ba.

A wannan gwaji wata ɗalibata, Ngozi, ta faɗi warwas. 'Yar wani mai sayar da kayan babur ce a unguwar Nasarawa, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa Kabanci. Ta same ni ta ce, "Malama, ni ba ni da kan lissafi. Baba ya ce in wanga zango ma nif faɗi, shago za ni koma." Na ba ta alli na ce ta yi ɗaya daga tambayoyin gwajin a allo. Ta jera komai daidai, sai wajen tsallakar da lamba ta manta ta sauya alamar ɗebewa. Kuskure ɗaya ne take ta maimaitawa, takardar zaɓi kuwa ba ta da bakin gaya mini haka.

Da aka zo taron malamai na miƙe na ce jarrabawar ajina ta wannan zango sai an nuna hanya. Shugaban makaranta ya dube ni ya ce, "Malama Hadiza, ke ɗai za ki duba su, kuma ba a ƙara miki lokaci." Na ce na ji. Baya na ciwo, ido ya fara rauni, amma ba zan ja da baya ba.

Yaya Umaru bai bar gida ko gona ba, ko hoton kirki ba mu da shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya bari shi ne taurin kan nan, kuma ya isa gado. Ngozi ba ta taɓa jin sunansa ba, amma albarkacinsa makin hanya ya sa ta ci jarrabawar: ranar da aka koma makaranta za ta shiga aji uku, ba shago ba.