Nema Suka Zo Wurin Manaja

Katangar ɗakina ce ta raba gidanmu da majalisar masu ƙwallo a Kaura Namoda. Ban taɓa taka fili ba, amma na san wanda ya zubar da fanareti da wanda ƙafarsa ta hagu ta ado ce, don kullum la'asar sai sun baje benci sun yi ta yanke hukuncin da ba wanda ya sa su. Tun da aka ba mu jiharmu kowane gari ke son a ji sunansa a ƙwallo. Da Shari'a ta zo aka rufe silima kuwa, sai samari suka tattara duk surutunsu suka juye a kan tamaula.

Yayana ne shugaban kulob ɗin. Manaja kowa ke ce masa, har Inna in ta so tsokana. Shi ya tara yaran tun suna buga ƙwallon tsumma, shi ke roƙo musu mota in za su wasa Zurmi ko Moriki, ni kuma nake wanke rigunan, ina wanki ina mita. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan.

Kafin shekarar da abin nan ya faru an taɓa neman aurena. Magana ta fita tun ba a je ko'ina ba, 'yan kai-kawo suka shiga tsakani, abu ya watse, na yi wata da watanni ko gidan suna ba na iya zuwa. Shi ya sa da wani malamin firamare ɗan Shinkafi ya gan ni a gidan gwaggona ya ce yana so, ni ma na ji ya kwanta mini, Yaya ya kafa doka: ba wanda zai ji sai an sa rana. Lokacin samari sun rage tsayuwar zance a ƙofar gida, don haka malamin bai zo ba, manyansa ya turo. Babbansu ƙanen mahaifinsa ne, wani Alhaji, wanda kuma shi ne shugaban kulob ɗin Shinkafi, abokan hamayyarmu. Duk majalisa ta san farar motarsa.

Suna zaure da Yaya, na ji mai facin da ke jikin katangarmu yana bugun cikin direba.

"Lahiya dai, mutanen Shinkahi?"

"Lahiya lau. Nema munka zo wurin Manaja."

"To, an dace?"

"Yac ce a ba shi lokaci shi yi shawara."

Direba gaskiya ya faɗa. Ko wace tsohuwa ta ji an ce nema ta san aure ake nufi. Amma kunnen da ƙwallo ta cika daban yake ji. Kafin baƙi su kai tasha, majalisa ta gama sayar da Yaya ga kulob ɗin Shinkafi. Wannan ya ce babur aka yi masa alkawari, wancan ya ce ofis ne a sakatariya, wani ya rantse da mai tsaron gida za a haɗa a tafi. "Har goro sunka kawo, ni nig gani," in ji mai faci. Goron kuwa yana ɗakina, na ma ɓara ɗaya. Ranar dariya na yi har da riƙe ciki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Dole uba ya binciki gidan da zai kai 'yarsa, sai Yaya ya riƙa zuwa Shinkafi ranar kasuwa, kuma ba ranar da ba a gan shi ba. 'Yan wasa suka fara zuwa atisaye a makare. Masu ce masa Manaja tun daga nesa suka koma in ya wuce sai su yi shiru, in ya ba da baya a ci gaba. Ni kuwa duk ina ji ta katanga, kalma bayan kalma.

Wata safiya na kai masa koko na ce, "Yaya, ka hwaɗa masu mana."

"Auta, in na hwaɗi yau, gobe bakinsu kanki za shi koma. Ni na iya da su."

Na ce to. Abin da har yanzu nake jin kunyarsa shi ne daɗin da na ji da ya ƙi. Ina da ƙawa da mijinta ke zama majalisar. Kalma ɗaya zan gaya mata, kafin magariba gari ya ɗauka. Na sha ɗaukar gyale in nufi gidanta, in na tuna wancan auren da ya watse sai in ninke in ajiye.

Sai ga wasa da Shinkafi, kuma suka zo har gida suka cinye mu. Washegari da hantsi 'yan kulob suka yi sallama, suka ce sun zo karɓar kayan ƙungiya. Rigunan suna kan igiya ko bushewa ba su yi ba, ni na kwashe su na miƙa wa Yaya. Wani da Yaya ya koya wa ɗaurin takalmi ya ce, "Ka tai ka yi ma Shinkahi dabarunka." Yaya ya juya. Ya sauko da ragar ƙwallaye daga ƙusa, ya ce su kula, famfon hura ƙwallon yana son mai.

Da aka sa rana magana ta fito, majalisa ta kwashe da dariya. "Ashe ƙanwa anka zo ɗauka." Haka kawai, kamar wasa aka yi. Suka turo dattijo ya ba Yaya haƙuri ya dawo, Yaya ya ce ya yafe, amma aikin shagonsa ya yi masa yawa. Ranar ɗaurin aure Alhajin ya ja shi gefe, mijina yana ji, ya ce tun da gari ya riga ya ba su shi, ai sai ya zo da gaske. Yaya ya ce, "Alhaji, in na zo sun yi gaskiya ke nan."

Aure ya yi mini daɗi a Shinkafi, kuma ban san yadda zan ji daɗin ba tare da na tuna abin da ya ci ba. Da na zo wankan gida na fari, na nemi Yaya da la'asar ban gan shi a zaure ba. Na same shi a tsohon ɗakina, ya shimfiɗa tabarma a jikin katanga, majalisa tana ta gardamar wanda ya kamata a sa a gaba ranar Asabar, shi kuma yana girgiza kai shi kaɗai.

Da ya gan ni ya gyara zama ya ce, "Ɗakin ga ya hi sanyi."

Ni na kwana a ɗakin nan tun ina yarinya. Ranar yamma a kansa take faɗuwa.