Ɗaya Cikin Huɗu Ba Layi Ba Ne

Har yau ina jin haushin lokotoron asibitin da ya ce mini "ɗaya cikin huɗu" ya kira na gaba, bai tsaya ya ga ko na gane ba. A lokacin ni matar ƙauye ce a kusa da Gecheme, ban san ko baƙi ba, ina auren ɗan gwaggona. Ɗana na fari ne ya yi ta kumburin hannu da kukan ciwon ƙashi, muka kai shi asibiti a Dogon Dutsi. Aka ce amosanin jini ne, ni da mijina duk muna ɗauke da irinsa, kuma cikin haihuwa huɗu ɗaya kan zo da shi.

Da muka dawo gida gwaggo, uwar mijina, ta lissafa da yatsunta, ta ce to ai an wuce wurin, ɗayan ya riga ya zo, uku na gaba lafiyayyu ne. Na yarda, don ina so in yarda. Ta biyu ta zo garau, gwaggo ta yi ta yi wa maƙwabta gori. Na uku kuwa tun bai yi rarrafe ba na ga yatsunsa sun kumbura. Sai magana ta juya. Wasu suka ce doguwa ce ta bi ni daga rijiya, a kira masu bori. Gwaggo ta ce yanzu kam biyu sun fita, sai in yi ta haihuwa hankali kwance. In na ƙi, na ƙi jininsu. In na yarda, ni ce mai goyon yaro yana ihu ba ni da abin yi masa. Gidan miji gidan dangina ne, ba inda zan kai ƙara.

Ina goyon na ukun na shiga karatun manya. Wata rana na tambayi malamarmu ma'anar ɗaya cikin huɗu, ta zuba wake a ƙwarya, fari uku ja ɗaya, ta ce in rufe ido in ɗauka, in mayar, in sake. Ja ya fito mini sau biyu a jere. Ashe kowane ciki daga farko yake somawa.

'Yan'uwana mata, in an gaya muku lissafi a asibiti, kada ku tashi sai an warware muku shi, ko da za a ce kun cika tambaya. Mai son jin daɗi shi ke fassara lamba yadda ransa ke so.

Da yammar ranar da na ɗebi waken nan na gaya wa mijina gaban uwarsa: "Gwaggo, ciki ba ya tuna na bayansa. Ni ce ke tunawa." Ta ce boko ya lalata ni, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Washegari na goya ƙaramin, na tafi asibiti na ce a yi mini allurar tazarar haihuwa.