Koriyar Fitila a Gefen Gado

A safiyar wannan Talata, Tela ta yi abin da ta saba: ta zare wata waya daga soket ɗin falo, ta jona dutsen guga domin ya yi zafi, sannan ta shiga ɗakin maigidanta ta ɗaura masa na'urar awon zuciya a damtse. Shekara talatin tana ɗinki a falon nan, har sunan sana'ar ya danne nata. Shi kuwa tsohon direba ne. Tun da zuciyarsa ta yi masa gargaɗi bara, asibiti ta ba shi wannan na'ura, wadda ke aika wa likita awon ta intanet a duk lokacin da aka kunna ta. Ƙa'idar ɗaya ce: in an ga abin tsoro za a kira, in ba a kira ba, to lafiya.

Mako uku ke nan ba a kira ba.

"Kin matse ni sai ka ce kina awon hannun riga," in ji shi.

"Yi shiru, Malam, kada ka ɓata mini awo."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. Ta kashe na'urar ta mayar aljihun tebur. Ta lura takalminsa ya ƙi shiga ƙafa, shayinsa kuma ya huce bai taɓa ba.

Gidan yana da rauta biyu, wato 'yan akwatunan nan masu raba intanet ba da waya ba. Ta farko tana falo. Da yake bangon ɗakin maigida kauri gare shi, 'yarsu ta kafa ta biyu a gefen gadonsa kafin ta koma wurin aikinta. Tun da ɗaya soket ɗin falo ya ƙone mako uku da suka wuce, wayar rauta ta farko Tela ke zarewa don guga, sai la'asar ta mayar. Hankalinta kwance, domin ta ɗakin tana nan da koriyar fitilarta.

Da azahar 'yar ta buga waya.

"Umma, me ya sa saƙona ba ya shiga da safe?"

"Guga nake yi, na zare rautar falo. Amma ta Babanki ban taɓa ta ba, tana ci."



"Umma, ta falo ce uwa. Ta ɗaki daga gare ta take sha. Fitilar nan wuta kawai take nunawa, ba intanet ba. Tun yaushe?"

Tela ta ajiye wayar hannunta. Ta zare dutsen guga, ta mayar da wayar rauta, ta ɗauko na'urar ta kunna. Awon kwana ashirin da ɗaya da ya taru a cikinta ya tafi asibiti a lokaci guda.

Ba a yi rabin sa'a ba wayarta ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce, muryarta a natse fiye da kima.

"Hajiya, yana kusa da ke? Kada ya tashi tsaye. Ga motar asibiti nan zuwa."

"Wa ke nemana?" maigidan ya tambaya daga ɗaki, yana haki.

"Masu son ganinka ne. Kwanta."

Ta haɗa masa jaka: riguna biyu, magani, tabarau. Motar ba ta iso ba tukuna. Sai ta ɗauki almakashi, ta yanko jan ƙyalle daga ragowar ɗinki, ta durƙusa gaban soket ɗin, ta ɗaure wayar rauta da shi, ƙulli uku, don kada a sake zare ta.